Yafiyar Da Na Yi A Titin Larabawa

Ni direba ne, ɗan direba, kuma har na bar Birnin Gwari ban taɓa ganin an kira ɗan sanda don mota ta lotsa ba. Wa zai tsaya? A hanyarmu ta Kaduna, in wani ya goge ka a tsakiyar dajin nan, kai za ka leƙo ta taga ka ce, "Kowa lafiya?" Ya ce lafiya. Ka ce, "Allah ya tsare gaba." Shi ke nan, kowa ya taka mai. Wanda ya tsaya auna lotsawa a wurin, ya gayyato 'yan bindiga su zo su auna shi ne. Da wannan tarbiyya na shiga ƙasar Larabawa, kuma ita ce ta ɗaure ni.

A gida cewa ake yi na tafi Dubai. Ni dai daga nesa nake hango dogayen gine-ginenta. Inda na zauna wata unguwar masana'antu ce a gefe, ba bishiya, ba akuya, ba mai ce maka sannu. Ejan ɗin da ya kai ni ya rantse mini cewa wani attajiri zan riƙa tuƙawa cikin sanyin mota. Da na isa, manyan jarkokin ruwan sha aka nuna mini, aka ce ga attajirin naka, ɗauki ka hau bene da shi. Allah ya isa tsakanina da mutumin nan, har gobe ban janye ba. Sai da kafaɗata ta yi kanta kafin kamfanin ya yarda na yi lasisin ƙasar, aka ba ni motar rabon ruwan.

Ɗakin kwananmu gado ne bisa gado, kowa da yarensa, kowa da warin girkinsa. Wata rana ina shanya riga sai na ji wani daga kicin yana cewa, "Kai, wannan risho ɗan banza ne!" Wallahi sai da rigar ta faɗi daga hannuna. Na leƙa na ga wani gajere mai faɗin ƙirji yana hura ashana.

Na ce, "Malam, daga ina?"

Ya ce, "Damari, ta Birnin Gwari."

Na ce, "Ƙarya kake!"

Ya ce, "To daga Landan."

Bulus ke nan. Manomi ne da aka raba da gonarsa, ya zo yana gadin wani sito. Tun daga ranar tukunyarmu ta zama ɗaya. Da azumi shi ke dafa mini abin buɗa baki kafin in dawo, ranar Lahadi ni nake sauke shi kusa da cocinsu in hanya ta bi da ni. Yana kirana Sarkin Ruwa, ni kuma in ce masa Maigadin Iska, don siton da yake gadi ban taɓa ganin an ajiye komai a ciki ba.

Ina cikin shekara ta biyu ƙanena Ɗanlami ya kira. Ƙauyenmu yana bayan Dogon Dawa, kuma sai an hau wani dutse ake samun sabis, don haka in na ga kiransa na san da dalili. Ya ce mutanen daji sun aiko, kuma wannan karon ba wanda ke maganar sulhu. Gida-gida ana ɗaure kaya, kowa na son ya fice kafin ruwa ya sauka hanya ta lalace. Matata da yara ya riga ya kai su cikin gari a motata, wadda na bar masa yana lodi da ita.

Na ce, "Inna fa?"

Ya ce, "Yaya, ai matsalar ke nan. Ta rantse da Allah ba za ta taka ko'ina ba. Ta ce gidan Baba ba ƙarami ne zai rufe shi ba, sai babba ya zo ya rufe da hannunsa."

Na san Inna. In ta kafe, ko jaki ya sallama mata. Ni ne ɗan farinta, ko sunana ba ta faɗa, "yaron nan" take cewa, amma duk abin da ya shafi gidan mahaifinmu ni take jira. Na je na roƙi kamfani, da yake kwantiragina ya kusa ƙarewa suka sallame ni, suka ba ni fasfona da tikiti. Na aika a gaya wa Inna ta ɗaure kayanta, ina tafe.

Saura 'yan kwanaki in tashi sai girman kai ya zo ya same ni. Ina da kaya da zan kai wurin masu aikawa da jirgin ruwa, ga mutanen da zan yi wa sallama, ga Bulus da ya shekara a bakin teku bai taɓa sa ƙafa a ciki ba. Ya ce mu ɗauki tasi. Na ce ni, direba ɗan direba, wani ya tuƙa ni ranar bankwana? Hayar mota zan yi.

Wani ƙaramin shagon haya muka shiga, irin waɗanda ba sa tsananta tambaya. Da yake ba ni da katin bankin da ake ajiye jingina da shi, sai akawun ya ce in bar fasfo, in na dawo da mota in karɓa. Na miƙa ba tare da na ji komai a raina ba. Sannan ya nuna mini wani layi a takarda, ya ce ko ina son ƙarin inshora.

Nan fa na gyara tsayuwa. A tasharmu ni kaɗai ake yi wa dariya saboda inshora. Kowa a gindin bishiya yake yankar tasa don nuna wa masu shinge, ni kuwa har Kaduna nake zuwa ofis in yi ta gaskiya, kuma ko da na taho ban bar ta ta mutu ba. Na ciro waya na nuna masa hotonta, na ce, "Ina da tawa." Ya kalla, ya ɗaga kafaɗa, ya ce in sa hannu. Bulus ya ce, "Ka tabbata tana aiki a nan?" Na ce, "Maigadin Iska, inshora inshora ce. Kai dai shiga ka sha sanyi."

Mun kai kaya, mun je teku, Bulus ya naɗe wando ya shiga yana ihu kamar yaro. A hanyar dawowa, wajen la'asar, muna tsaye a wata mahaɗa kusa da kasuwar kayan miya, sai ji na yi gam! Wata a-kori-kura ta fito daga kwana ta daki gefenmu. Ƙofar baya ta shige ciki, fitila ta tarwatse, tumatir ya watsu a titi.

Na fito da zuciya a wuya, na shirya zagin da zai ishe shi har jikokinsa. Sai wani siririn mutum ya diro daga motar, ɗan Bangaladash, da gashi fari-fari a gemunsa. Kafin in buɗe baki ya zube ya kama ƙafafuna. Da guntun Larabci da guntun Turanci ya fahimtar da ni cewa ba shi da lasisi, takardar zamansa ma ta mutu, direban ne bai zo ba maigidansa ya ce ya ja. In 'yan sanda suka zo, kurkuku ne, daga nan a tasa ƙeyarsa gida. Ya ciro waya yana nuna mini 'yan mata uku cikin kayan makaranta.

Dattijo ya kama ƙafarka a bainar jama'a, me ya rage? Na duba Bulus, lafiya lau. Na duba kaina, ko ƙwarzane babu. Mutane sun fara taruwa, ni kuwa jikina ya saba, tsayuwa a kan hanya ba ta yi mini daɗi.

Bulus ya ce, "Sarkin Ruwa, mu bar wurin nan."

Na ɗaga mutumin na ce, "Halas, magana ta ƙare. Na yafe. Allah ya tsare gaba." A raina na ce ai ina da inshora, ita za ta ji da sauran. Ya ce sunansa Anwar, ya nuna mini rumfar da yake aiki, ya cusa mana kwalin lemo a mota yana kuka. Muka taho har ina jin daɗin kaina.

Mai shagon hayar wani mai tumbi ne da kowa ke kira Arbab, wato maigida. Ya zagaya motar, bai ɗaga murya ba, ya miƙo hannu ya ce, "Takardar 'yan sanda."

Na ce ai mun sasanta.

Ya ce, "Kun me?"

Na sake ciro hoton inshorata. Ya kalla ya yi wata dariya da har yau ban manta da ita ba. Akawun ne ya zaunar da ni ya warware mini. A ƙasar, ko karce aka yi wa mota sai an kira 'yan sanda sun rubuta wanda ke da laifi. Ba wannan takarda, inshorar shagon ba ta biya, ko da na sayi ƙarin da ya nuna mini. Gareji ma ba zai taɓa motar ba. Da na tsaya an rubuta, inshorar a-kori-kurar ce za ta ɗauki komai, in karɓi fasfona in wuce. Yanzu kuwa gyara a kaina, da duk ranar da motar za ta yi a ajiye ba ta fita haya. Abin da suka lissafa ya fi duk abin da na tara. Arbab ya buɗe durowa, ya nuna mini fasfona, ya mayar ya kulle.

Ban yarda ba. Da safe na sayi kati na kira ofishin inshorar a Kaduna, na fara da faɗa, na ce shekara nawa ina biyanku ban taɓa neman ko sisi ba. Wata mata ce ta ɗauka, ta bar ni na gama tas.

Ta ce, "Malam, ka yi haƙuri. Inshorarka lambar motarka take bi, ba kai take bi ba. Ita ma ɗin, abin da ta ɗauka shi ne in ka buge wani a biya shi."

Na ce, "To motar haya fa?"

Ta ce, "Akwai masu babbar inshora da ake rubuta musu motar haya a ciki. Sai an rubuta, kuma yawanci ba ta tsallaka iyakar ƙasa. Taka babu wannan. Da ka kira mu kafin ka karɓi makulli."

Na ce, "Yanzu ba abin da za ku yi?"

Ta ce, "Sai addu'a, Malam. Allah ya fid da kai."

Na ce amin, na kashe wayar. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ranar tafiyata ta zo ta wuce ina zaune a kan benci a ƙofar shagon. Na riga na fita daga ɗakin kamfani, sai Bulus ya riƙa ɓoye ni a siton da yake gadi, ina kwana a kan kwali. Ya daina ce mini Sarkin Ruwa, abin da ya fi komai nuna mini cewa lamarin ya ɓaci. Wani ya ce mana riƙe fasfo haramun ne a dokarsu, in kai ƙara. Wani ya ce in na kai, Arbab zai shigar da tasa ƙarar ta bashi, a hana ni fita ƙasar sai an gama shari'a, ga laifin barin wurin haɗari. Kwanakin da aka ba ni in fice kuma suna ta ƙarewa. Gari ne mai tituna faɗa-faɗa, ba shinge ko ɗaya, ba mai tare ka da bindiga, amma ban taɓa jin an tsare ni kamar a can ba. Jirage suna wucewa ta saman siton, in bi su da ido har wuyana ya gaji.

Ɗanlami ya sake kira. Ya ce an yi ruwan farko. Ya ce a layinmu gida biyu suka rage da mutane, kuma Inna ta ɗaure kayanta tun ranar da na ce, kullum tana zaune a zaure a kan ƙullin, tana fuskantar hanya. Na ce masa takarda ce ta ɗan tsaya. Na kasa faɗa masa gaskiya, kunya ta hana ni.

Da Arbab ya ga ba ni da abin biya, sai ya ba ni zaɓi biyu. Ko in zauna ya yi mini takardar aiki, in riƙa wanke motoci da kai su wurin masu haya, yana cirewa daga albashi har a gama, abin da zai kai ni wata damina. Ko kuma in kawo wanda ya buge ni, mu je ofishin 'yan sanda ya amsa laifinsa, a rubuta takarda, in karɓi fasfona a ranar.

Bulus ya ce, "Ka san rumfarsa."

Na ce, "Na sani."

Ya ce, "Ni ne na ce mu bar wurin, don haka ba ni da bakin magana. Amma 'ya'yansa suna gida lafiya. Inna fa?"

Na sa takalmi na nufi kasuwar kayan miya, ina tafe ina haɗa wa kaina hujja. Ai shi ya buge ni. Ai ban san dokar ba lokacin da na yafe. Ai uwa ta fi baƙo.

Na same shi yana jera kabeji. Na ɗauka zai gudu ko ya ce bai san ni ba, da hakan ya fi mini sauƙi. Sai ya taho da murna ya rungume ni, ya kawo shayi mai madara, ya share mini akwati na zauna. Na faɗa masa komai. Ya saurara har na gama. Can ya kwance ƙyallen aikin da ke ɗaure a ƙugunsa, ya ninke, ya ajiye a kan kabejin. Ya cire agogonsa ya ba wani maƙwabcinsa, ya yi masa magana da yarensu. Sannan ya juyo ya ce, "Uwa. Na gane. Mu je."

Wallahi da zagina ya yi da na ja shi har ofishin. Na ce ya dakata, zan yi waya. Na koma gefe, bayan wasu buhunan albasa, na aika wa Ɗanlami saƙo cewa duk yadda zai yi ya hau da Inna dutsen nan, ina son in ji muryarta. Na daɗe a tsaye a wurin, rana tana dukana, Anwar yana zaune hannu a gwiwa yana jira.

Da wayar ta shigo na ji Inna tana haki. Na gaishe ta, ta ce, "Yaron nan, kana ina?" Na daina ɓoye-ɓoye, na zayyana mata tun daga shagon haya har zuwa mutumin da ke zaune yana jirana. Na ce, "Inna, in na kai shi yau, jibi ina gabanki."

Ta ce, "Shi kuma fa?"

Na ce, "Za a rufe shi, daga baya a kore shi."

Ta ce, "Da bakinka ka ce ka yafe?"

"Da bakina, Inna. Amma ban san..."

"Ban tambaye ka abin da ka sani ba. Wani ya ji?"

"Bulus ya ji."

"Allah ma ya ji."

Sai iska kawai nake ji tana kaɗawa a wayar, da kukan wata akuya can ƙasa. Na ɗauka sabis ne ya ɗauke.

Ta ce, "Ni ma da bakina na rantse ba zan tashi ba sai ka zo. To tawa rantsuwa ce, tana da kaffara. Azumi uku ne, zan iya, ban tsufa da wannan ba. Taka fa, in ka lashe, da me za ka biya? Ubanku bai taɓa yafe wa mutum da safe ya bi shi da yamma ba. Ka bar bawan Allah ya ci abincinsa."

Na ce, "Inna, sai wata daminar fa zan dawo."

Ta ce, "In da rai. Amma gidan nan ba zan bari ƙarami ya rufe shi da ra'ayin kansa ba. Ga shi nan tsaye. Ka ba shi umarni, in ji da kunnena."

Gidan da aka haife ni, inda kabarin Baba yake a bayan rumbu. Da ƙyar na ce, "Ɗanlami, ka rufe gidan."

Ta ce, "Ban ji ba. Iska ta yi yawa."

Na sake faɗa.

Ta ce, "Ɗaga murya, yaron nan. Kai ne babba."

Sai na tsaya a tsakiyar kasuwar mutane, cikin masu albasa da masu kabeji da ba wanda ya san abin da nake cewa, na ɗaga murya iya ƙarfina, hawaye na zuba, na ce, "Ɗanlami! Ka fito da Inna, ka rufe gidan Baba!"

Kasuwar ta yi tsit, kowa ya juyo yana kallona. A wayar na ji ta ce, "To. Yanzu na ji. Ɗanlami, riƙe ni mu sauka."

Anwar ya miƙe tsaye, a shirye. Na ɗauko ƙyallen aikinsa daga kan kabejin na miƙa masa, na kama hanyar shagon Arbab.